YINI GUDA A GAƁAR BAHIYA

Jawabin da tsohon hedimastan makarantar firamare ta garinmu ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma uban taro, ranka ya daɗe. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, da 'yan'uwa waɗanda suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal domin halartar wannan zama, ina yi muku barka da zuwa gida. Haka kuma ina gaida ɗalibaina na da, waɗanda yau nake hangen furfura a gemun wasunsu, abin da ke tuna mini cewa ni ma ba jiya aka haife ni ba.

Lokacin da shugaba ya aiko mini cewa ana so in yi jawabi a bana, na san abin da yake tsammani shi ne in sake maimaita batun tarbiyya da karatun yara. Na roƙe shi ya yi mini afuwa, domin wannan batu na yi shekara talatin da biyar ina yinsa a bakin allo, wanda bai ji ba a lokacin da nake riƙe da bulala, ba zai ji ba yanzu da nake riƙe da sanda. A maimakon haka zan ba ku labarin yini guda, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma, wanda na yi a wani birni na ƙasar Birazil a watan Nuwamba na shekarar 2019.

Bayan na ajiye aiki, babban yarona da ke zaune a Ingila ya ce tukuicin da zai ba ni shi ne tafiya a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Na ce masa ni Bahaushen tudu ne, ruwan da na sani shi ne na kududdufin bayan gari, wanda shi ma duka muke sha a kansa muna yara. Ya dai matsa, aka sha wahalar neman biza har guda uku, muka shiga jirgi a birnin Barselona na ƙasar Sifen, ni da shi da 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya, wato amaryata. Irin waɗannan jirage sukan yi bazara a Bahar Rum, in sanyi ya kawo jiki a Turai sai su ƙetare zuwa Kudancin Amurka inda zafi ke farawa, kuma kuɗin wannan ƙetarawa ya fi sauƙi. Jirgin kansa gari ne sukutum, bene kan bene fiye da goma, da ɗakunan kwana da na cin abinci da asibiti da kantuna, mutanen cikinsa kuwa sun fi jama'ar unguwarmu yawa a zamanin da nake yaro. Mun tsaya a tsibirin Tenerif, daga nan muka miƙa kudu, kwana shida ba mu ga ƙasa ba.

A cikin kwanakin nan shida ne tafiyar ta sauya mini kama. A Kwalejin Horon Malamai an koya mana cewa Birazil ƙasar gahawa ce da Kogin Amazon, daga baya rediyo ya ƙara mana da Pele. Iyakar abin da na koya ke nan, shi ne kuma na koyar da ku. To amma yaron nan ya sa mini wani littafi a jaka, na wani masanin tarihi ɗan garin da za mu sauka, mai suna João José Reis, a kan tawayen bayi Musulmi a jihar Bahiya. Ina zaune a gefen hagu na jirgin, ɓangaren da Afirka take ko da yake ba a hango ta, ina karantawa, sai ga sunan Hausa shafi bayan shafi. Ashe tun daga farkon ƙarni na 19 aka riƙa sauke Hausawa a wannan gaɓa da yawan gaske. Ashe a watan Mayu na 1807, shekara uku kacal bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, gwamnan Bahiya ya bankaɗo wani shiri da bayi Hausawa suka ƙulla, aka kama baka da kibau da layu, kuma rahotannin hukuma sun ce niyyarsu ita ce su ƙwace jirage a tasha su koma gida. A 1809 suka sake yunƙurawa, sa'an nan a watan Fabrairu na 1814 suka ƙone wuraren masunta a Itafuwa, arewa da birnin. Takardun shari'a na wannan shekara suna kiran jagoransu da laƙabin "malomi". Duk wanda ya sha nonon Hausa ba ya bukatar a fassara masa wannan kalma.

Saboda haka lokacin da gari ya waye muka shiga bakin tekun da suke kira Mashigin Dukkan Waliyyai, birnin Salbador ya bayyana a kan tudu, ni ba ɗan yawon buɗe ido ba ne kuma. Na zama kamar wanda ya zo cigiya. Mu mun ƙetare a kwana shida, ana tambayarmu ko shayi muke so ko gahawa. Su kuwa wata guda ko fiye suke yi daga gaɓar Ikko da Wida, a ɗaure a cikin cikin jirgi.

Bari in ɗan tsaya a nan in bayyana yadda yinin tasha yake, domin na san a cikinku akwai masu hali da za su so su gwada, kuma ƙa'idarsa ta bambanta da ta kowace irin tafiya da muka saba. Tun da dare ake turo takarda ɗakin kowa, ɗauke da lokacin isa, da lokacin da dole kowa ya dawo, da adireshin tashar, da lambar wakilin jirgin a garin. Namu an rubuta isa ƙarfe takwas, dawowa huɗu da rabi, tashi ƙarfe biyar. Kowane fasinja yana da kati guda, shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne kuɗinsa a cikin jirgi, shi ne kuma ake dangwalawa a na'ura in zai sauka da in ya dawo, ta haka suke sanin wa ke ciki wa ke waje. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka biya kamfanin jirgin ya sa ka a mota da ɗan jagora, a zagaya da kai kamar 'yan makaranta, a nan in an makara jirgi zai jira, domin amanarka tana hannunsu. Ko kuma ka sauka da ƙafarka ka bi inda ranka yake so, kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma in lokaci ya cika ba ka dawo ba, za a kira sunanka a lasifika sau ɗaya ko biyu, a miƙa fasfonka ga wakilin tasha in yana hannunsu, a janye tsani. Daga nan ya rage naka ka nemi jirgin sama da kuɗin aljihunka ka tari jirgin a tasha ta gaba. Wannan ba motar kasuwa ba ce da za ka aika yaro ya ce wa direba Alhaji yana alwala. Kuma lokacin da ake aiki da shi shi ne na agogon jirgi. Tsakanin Tenerif da Salbador sau uku aka umarce mu mu mayar da agogo baya da awa ɗaya ɗaya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na duba jerin wuraren da motar kamfani za ta kai mutane, coci-coci ne da bakin teku da kantunan tsaraba, babu ko ɗaya daga cikin abin da na zo nema. Na ce da ƙafa za mu tafi. Yarona ya ce, "Baba, an gargaɗe mu game da 'yan sane, kuma ba ma jin harshensu." Na ce masa wanda ya ratsa kasuwar Kurmi ranar jajibiri da kuɗin makaranta a aljihu ba a tsorata shi da ɗan sane. Duk da haka na bi shawararsa, muka bar duk wani abu mai daraja a ɗaki, muka ɗauki kuɗin ƙasar kaɗan, da ruwan sha, da takardar nan ta jirgi. Na sa babbar riga da hula. Ya so in sa ƙananan kaya saboda zafi, na ƙi.

Salbador gari biyu ne, na ƙasa a bakin ruwa da na sama a kan dutse. Turawan Fotugal suka kafa shi a 1549, shi ne kuma babban birnin ƙasar har zuwa 1763. Yanzu mutanensa sun kai wajen miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, kuma kusan takwas cikin kowane goma baƙar fata ne ko ruwa biyu. Zafinsa da gumin jikinsa na Legas ne sak. Tafiyar minti goma daga tsanin jirgi ta kai mu wata babbar kasuwar kayan hannu mai suna Merkado Modelo. A nan na ji wani ɗan jagora yana gaya wa Turawa da Ingilishi cewa a ƙarƙashin ginin ake tsare bayin da aka sauke daga Afirka, suna ta girgiza kai. Halin malamin makaranta ya motsa mini. Ginin gidan kwastan ne da aka gama a 1861, dokar da ta tsayar da shigo da bayi Birazil kuwa ta 1850 ce. Lissafin bai hau ba. Na buɗe baki zan ɗaga hannu, amaryata ta ja mini riga ta ce, "Kaka, nan fa ba ajinka ba ne." Na yi shiru. Amma abin ya tsaya mini a rai, ganin ƙasar da aka sauke 'yan Afirka fiye da miliyan 4, wadda ba ta soke bauta ba sai ranar 13 ga Mayu 1888, ba ta rasa wuraren baƙin ciki na gaskiya ba balle a ƙirƙiro mata na ƙarya.

Daga gaban kasuwar ake shiga lif ɗin Laserda, wanda ke ɗaga mutane daga garin ƙasa zuwa na sama. An buɗe shi a 1873, tsawonsa mita 72, hawan bai wuce rabin minti ba, kuɗin shiga a lokacin santabo 15, abin da ko ruwan leda ba zai saya ba. Ma'aikata da 'yan makaranta ke cika shi, domin su a wurinsu hanya ce kawai. Ƙofa na buɗewa sai ga mu a wani dandali, teku shimfiɗe a bayanmu, tsohon ginin majalisar birni a gabanmu. Wannan gini shi na fara zuwa nema.

A ƙarshen 1834 akwai kurkuku a ƙarƙashinsa, kuma a ciki akwai wani dattijon malami Bayarabe, bawa, wanda takardu ke kira Pacífico Licutan, almajiransa kuwa suna kiransa Bilal. Ba laifi ya yi ba. Ubangidansa ne ya ci bashi ya kasa biya, aka kama malamin a matsayin kadara, za a yi gwanjonsa. Mutane suka riƙa zuwa ƙofar kurkukun neman albarkarsa. A gefen ginin akwai wata gangara, a wani gida da ke kanta ne Musulmi kimanin sittin suka taru a daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, suna jiran asuba su fita. Labari ya riga ya kai kunnen hukuma tun da maraice. 'Yan sintiri suka buga ƙofa wajen ƙarfe ɗaya na dare, mutanen suka fito da takubba, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Wurin da suka fara nufa shi ne kurkukun nan, domin su fitar da malaminsu. Ba su sami iko ba. Suka bazu cikin gari suna tayar da 'yan'uwansu, har adadinsu ya kai wajen ɗari shida, suka gangara garin ƙasa da nufin ficewa zuwa gonakin rake. A wani wuri mai suna Agwa di Meninus, wanda ke dab da tashar da jirginmu ya tsaya, sojan doki suka tare su. Kafin hantsi an gama. Kimanin saba'in daga cikinsu suka mutu. Shi malamin, wanda bai ko fita daga kurkuku ba, aka yanke masa bulala 1,000.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta: wannan tawaye na 1835 galibinsa na Yarbawa ne, sunan da ake kiransu da shi ma, wato Male, daga kalmar Yarbanci ta Musulmi ya fito. Hausawa su ne suka yi na farko-farko, a wannan kuwa ba su da yawa. Amma a cikin malaman da aka tuhuma akwai Banufe mai suna Sanim, akwai kuma Bahaushe ɗan kasuwar taba wanda ya sami 'yanci, ana kiransa Dandara, yana koyar da karatu a shagonsa. 'Yan sanda sun kwashe alluna da tawada da ƙananan takardu masu rubutun Larabci, suka ɗauka wasiƙun makirci ne, alhali yawancinsu ayoyi ne da addu'o'i irin waɗanda kowane almajiri ke rubutawa. Wasu daga cikin takardun suna nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar. Na tsaya a bakin gangarar nan na daɗe. Motoci suna wucewa, wani yana sayar da rake da aka matse a kofi.

Daga nan muka shiga tsohuwar unguwa, Pelourinho, wadda a bakinsu take fita kamar Felorinyu. Gidaje ne masu launi iri-iri, titi shimfiɗe da duwatsu masu wahalar da gwiwar tsoho, UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Ma'anar sunan shi ne turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Yanzu masu kiɗa ne da masu ɗaukar hoto, da samari masu ɗaura wa baƙo zare mai launi a hannu su ce kyauta ne, sa'an nan su bi shi da roƙo. Babbar rigata ta jawo mana jama'a, wasu har suna neman a yi hoto da ni, sai na zama ni ne abin kallon.

Hancina ne ya kai ni wurin wata mata. Tana zaune a bakin dandali cikin farar riga mai faɗi da ɗankwali, kasko a gabanta, tana ɗiban ƙullu da cokali tana sakawa a mai. Jama'a, ƙosai ne. Farin wake ne aka surfa aka niƙa da albasa, bambancin kawai a manja take soyawa, kuma nata ya kai girman dunƙulen hannu, takan tsaga shi ta cusa jatan lande da wani kunu mai kauri da yaji. Sunansa akaraje. A gefe kuma ga alala a naɗe cikin ganyen ayaba, suna ce mata abara. Na nuna kaskon na ce "akara", ta yi dariya ta gyaɗa kai. Na ce "ƙosai", ta dube ni kawai. Bayarabe ya bar sunansa a kan abincin, ya bar addininsa na gargajiya wanda har yau ake yi a garin, ya bar kalmominsa a waƙoƙinsu. Na tambayi kaina, mu fa, me muka bari?

A wannan dandali akwai tsohuwar makarantar likitanci da aka kafa a 1808. Wani malaminta mai suna Nina Rodrigues, a ƙarshen ƙarni na 19, ya bi tsofaffin 'yan Afirka da suka rage a garin yana rubuta kalmomin harsunansu, har da Hausa da Barbarci da Nufanci. Kafin shi, wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu, ya buga littafi a 1851. Shi babban abin da ya dame shi shi ne ya tabbatar ko da gaske akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka, wauta irin ta wancan zamani. Amma albarkacin wautarsa, mutanen suka lissafa masa garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su zango zango har bakin teku. Kano tana ciki, Katsina da Zazzau suna ciki.

A nan ne, ranka ya daɗe, zan faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Baturen Fotugal bai taɓa zuwa Gobir ko Zamfara ya kama kowa ba. Yana bakin teku da tabarsa ta Bahiya, wadda ake shafa wa ruwan rake, yana jira. Yawancin mutanen nan a yaƙi aka kama su, a shekarun Tafkin Kwatto da Alkalawa da abin da ya biyo baya, daga wannan ɓangare da wancan, wasu kuma fatake ne da aka tare a hanya. Hannu zuwa hannu aka miƙa su ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa har Ikko da Badagiri da Wida. Shugabannin jihadi sun yi rubutu suna hana bautar da Musulmi ɗa, amma kasuwa ba ta bi fatawa ba. Mun iya kirarin waɗanda suka ci yaƙi, muna koya wa yara sunayensu. Waɗanda aka ɗaure aka yi kudu da su kuwa, ko a tatsuniya ban taɓa jin an ambace su ba, alhali kowannensu yana da uwa da ta yi ta duban hanya.

Rana ta take, yunwa ta taso. Yarona ya riga ya binciko cewa akwai wani abinci da za mu nema, sai a gidan abinci na uku muka same shi. A takardar abincin an rubuta arroz de hauçá, ma'ana shinkafar Hausa. Aka kawo. Shinkafa ce da aka dafa ta yi luguf aka tuƙa ta, aka kife a faranti kamar malmala, aka zuba mata busasshen naman shanu da aka soya da albasa, da miyar manja da jatan lande. Duk wanda ya gani ya san tuwon shinkafa ne ya yi ƙaura, ya auri madarar kwakwa a baƙon wuri. Batun yankan naman na bar wa malamai, ni dai na ture shi gefe na ci tuwona da miya, kuma na nemi ruwa na wanke hannu, na ajiye musu cokalinsu.

Yarona ya yi amfani da wayarsa mai fassara ya tambayi yaron da ke kawo abincin ko ya san ma'anar kalmar. Ya ce sunan girkin ne kawai, haka ya taso ya ji. Sai ya nuna ni ya ce masa, wannan dattijon shi ne Hausa, kuma akwai mu miliyoyi. Yaron ya tsaya yana kallon hulata, ya ruga ciki ya fito da mai girkin, wata dattijuwa baƙa wuluk mai kama da wata gwaggona da ta rasu. Ta goge hannu ta riƙe nawa da hannu biyu tana magana, ban ji ko kalma ɗaya ba, wayar ma a daidai nan cajinta ya ƙare saboda hotunan da amaryata ta yi ta ɗauka. Na ce mata, "Sannu da aiki, Allah ya yi albarka." Ta amsa da nata. Suka ba ni wuri a bayan ɗakin girki na yi alwala, na fuskanci arewa maso gabas, na haɗa Azahar da La'asar na yi ƙasaru.

Saura wuri ɗaya. A ranar 14 ga Mayu 1835 aka kashe mutum huɗu daga cikin 'yan tawayen a wani fili mai suna Kampu da Folbora. An gina gungumen rataya, aka rasa wanda zai yarda ya yi aikin ko a cikin fursunoni, sai aka sa aka harbe su. Na duba agogon hannuna, biyu da rabi. Na ce muna da awa biyu, mu je. Yarona ya ce, "Baba, anya? Inuwa fa ta yi tsawo." Na ce masa shekara talatin da biyar ina buga ƙararrawa, ba a taɓa kama ni da makara ba. Muka taka a hankali saboda gwiwata. Filin yanzu tashar jirgin ƙasa ce ta ƙarƙashin ƙasa, da babban ginin kotu a gefe, jama'a suna ta kai da kawo. Na sami inuwa na zauna, na yi musu addu'a, su da Dandara da malomin 1814 da sauran waɗanda ba a rubuta sunansu ba. Bayan tawayen an kori ɗaruruwa zuwa Afirka, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu. Ku da ke Legas, zuriyarsu ce Aguda na tsibirin Ikko, kuma masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 ginin wani magini ne daga cikinsu. Kuna wucewa ta gabansa.

Ina cikin wannan tunani amaryata ta ce, "Kaka, wancan agogon ya lalace ne?" Wani agogon titi ne mai nuna lokaci da zafin rana. Ya nuna huɗu da minti biyar. Nawa yana uku da minti biyar. Sai yarinyar ta rufe baki da hannu. Ashe a daren jiya na mayar da agogona baya kafin in kwanta, ita kuma da ta ga na yi barci, don tausayin kada tsoho ya manta, ta ɗauka ta sake mayar da shi.

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ran nan. Na naɗe babbar riga a kafaɗa, muka tare tasi, yarona ya miƙa wa direba takardar jirgi ya nuna masa adireshin da yatsa, ya nuna masa lambar 16:30. Mutumin ya dubi takarda, ya dubi agogonsa, ya yi wata magana da na tabbata ba addu'a ba ce. Ya bi da mu ta wasu lunguna masu gangara, muka faɗa cunkoson masu tashi daga aiki a garin ƙasa, muka sauka muka ƙarasa da ƙafa. Ƙarfe huɗu da minti ashirin da bakwai na'ura ta karɓi katina. Fasinjoji sun yi cirko-cirko a saman bene suna tafa mana, ashe al'adarsu ce su tsaya kallon 'yan makara. A cikinku akwai waɗanda na sa su tsallen kwaɗo a bakin ƙofar makaranta saboda minti biyar. To ga shi Allah ya saka muku, kuna iya yin dariyarku.

Ƙarfe biyar daidai aka kwance igiyoyi, jirgi ya yi ƙaho. Muka wuce wata ganuwa zagayayya da ke tsakiyar ruwa, muka wuce hasumiyar fitila ta Barra a bakin mashigin, muka juya kudu zuwa Riyo. Yarona ya kawo mini shayi bai ce komai ba, wanda hakan ya fi magana ciwo. Amaryata kuwa ta zauna kusa da ni da littafinta na makaranta, ta ce in sake faɗa mata sunayen a hankali, za ta rubuta. Na fara da Dandara, ta tambaye ni ko da ɗ mai ƙugiya ake rubuta shi. Na ce mata a takardun Turawan babu ƙugiya, amma ta sa.